Abin da Tanki Ya Taɓa Ɗauka

A bayan gidan maƙwabcina akwai farin tankin roba mai cin lita 1000, irin na masana'antu da ke zaune cikin kejin ƙarfe. Ya yanke samansa ya kife, ya cika shi da tsakuwa ya dasa latas, ƙasan kuma ya zuba tarwada. Kashin kifin kan zama amoniya, ƙwayoyin halittar da ke maƙale a tsakuwa su mayar da ita takin da saiwa ke sha, ruwan ya tacu ya koma wa kifi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayarsa ga dillali kafin ya biya kuɗin tankin: "Alhaji, me aka taɓa zubawa a ciki?" In man girki ne, wanki ya wadatar. In maganin ƙwari ne, roba kan riƙe shi, sabulu ba ya fitar da shi. Mu ma haka muke bincike idan mutum ya zo neman aure ko aiki. Ga tanki tambayar daidai take, amma ga ɗan Adam nakan yi jim, domin na san waɗanda suka shiryu da daɗewa, har yau unguwa na kiransu da sunan halin da suka bari.