Kabad ɗin Littattafaina

Gara ce ta mai da ni kafinta. A damina ɗaya ta cinye mini kwali biyu na littattafai, kuɗin da kafintoci suka yanka mini kuwa ya fi ƙarfin albashina. Sai na ari zarto da guduma, na sayo busasshen katako, domin ɗanye kan lanƙwashe da hunturu.

Yanka bai wahalar da ni ba kamar daidaita kusurwoyi. Wani dattijon kafinta ya ce, "Malam, gicciya igiya daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon ya bambanta, ƙofar ba za ta rufu ba."

Ƙafafun na shafe su da baƙin mai saboda gara. Hawan ƙasa kuwa tuni uwargida ta jera kwanukanta a ciki.