Daga Ƙonni zuwa Badagishiri: hanyar da ke tona asirin mota

A cikin Birnin Ƙonni kowace mota lafiyarta lau. Tsakanin tasha da kasuwa, ga amalanke ga 'yan kabu-kabu, direba ba ya samun sararin gudun da zai nuna masa aibin motarsa. Sai an fita gari an miƙi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, allura ta kai 90 ko 100, sannan sitiyari ya shiga kakkarwa kamar mai masassara.

Wajen kilomita 15 gabas da Ƙonni, a Tsarnawa, hanya ta rabu biyu. Wanda ya miƙe zai iske Malbaza, garin da ake yin siminti tun shekarun 1960, sannan Galmi mai jar albasa. Wanda ya karya arewa zai bi ta Badagishiri, inda ake ratsewa zuwa Illela, kafin ya isa Tawa. Hanyoyin biyu duka suna shan nauyin manyan motocin siminti da albasa, kuma inda nauyi ya yawaita, kwalta takan lotsa, ramu su buɗe. Rami guda ya isa ya lanƙwasa bakin ƙarfen ƙafa, wanda makanikanmu ke kira janti, ko ya fizge 'yar dalmar da aka maƙala masa don nauyin ƙafar ya daidaita.

Kada mai karatu ya raina 'yar dalmar nan. Tayar ƙaramar mota, in ana gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa guda. Rarar giram 30 kawai a gefe ɗaya na janti takan zama fizga ta wajen kilo 5, tana dukan ƙafar sama da ƙasa. In gudu ya ninka biyu, fizgar ninkawa take huɗu. Shi ya sa cutar ke ɓoyewa cikin gari, ta bayyana a daji.

Mota ba ta magana, amma tana nuna inda ke mata ciwo. In rawar a sitiyari take, a duba ƙafafun gaba. In a kujera ake jin ta, ƙafafun baya ne. In sai an taka birki take tasowa, faifan birki ne ya ci ba daidai ba. In tana zuwa sa'ad da aka ƙara wuta, ta lafa da an ɗaga ƙafa, a tuhumi kardan. In kuwa a hanyar burji ta cikin ƙauyukan Illela ake jin ta, ta ɓace da an hau kwalta, gargada ce, motar ba ta da laifi. Da damina ma, lakar fadamar Maggiya kan daskare cikin janti, ruwan bokiti guda ya raba gardama.

Mai faci na bakin hanya, a Tsarnawa ko a Badagishiri, yana iya rabin aikin ba da na'ura ba: ya sa jak ya ɗaga ƙafa, ya juya ta da hannu ya ga ko tana lilo, ya shafa tayar ko ta yi ƙulu, ya gwada ƙusoshin ƙafa ko sun kwance, ya auna iska, wadda aka fi son a auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Sauran rabin sai na'urar daidaita nauyi, aikin da ake kira ekilibraj. Wanda bai samu a kusa ba, ya nema a Tawa ko Maraɗi, ko ya tsallaka ta ɗaya Illelar, ta Nijeriya, zuwa Sakkwato.

Ƙulun nan shi ne abin tsoro. Alama ce wayoyin cikin taya sun saki roba, kuma babu dalmar da za ta gyara shi, sai canji. Da yawa cikin tayoyinmu na gwanjo ne, sun gama aikinsu a Turai kafin su iso mana. A jikin kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2315 na nufin sati na 23 na shekarar 2015. Tsohuwar roba, kwaltar watan Afrilu, Hiace cike da mutane da kaya bisa kai: in waɗannan suka haɗu, fashewa ba ta sallama.

Akwai direbobin da ke ganin maganin rawa shi ne a ƙara wuta har ta wuce. Gaskiya ne takan lafa a hannu, amma ƙafar na nan tana shan duka, ƙarafan sitiyari na ci, taya na ƙara zafi. Rigakafi ya fi magani: kuɗin duba ƙafa huɗu bai kai na taya ɗaya ba, balle na gado a asibitin Galmi. Fasinjan da ya ji kujera na rawa ya ce wa direba ya sassauta bai yi rashin kunya ba. Ransa ne a ciki.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.