Gardamar Iliya da Gandoki a Ɗakin Kwananmu

A ɗakin kwananmu ba a rasa gardama. In ba ta ƙwallo ba ce, to ta abinci ce. Amma wadda ta fi daɗewa a zangon da ya wuce ita ce ta Iliya da Gandoki, don mako biyu cur muka yi muna ta fama, har ta kusa raba ni da babban abokina.

Mafarin abin kuwa, malamin Hausa ne ya sa muka karanta littattafai biyu, watau Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, na 1951. Ran nan bayan karatun dare, an kashe fitila, sai abokina, wani mutumin Babura, ya ce in da za a haɗa su dambe, Gandoki zai kā da Iliya tun kafin makaɗi ya ɗauki kalangu. Hujjarsa ita ce Gandoki ya kara da Turawa masu bindiga, ya kuma kara da aljannu. Ni kuwa na ce ina! Iliya shi kaɗai yake tarar runduna, ga kuma dokinsa Kwalele. Na ce da Kwalele zai tashi daga gindin duwatsun Kazaure, kafin mutum ya gama alwala ya je Babura ya dawo.

Nan da nan ɗaki ya rabu biyu. 'Yan Roni suka bi bayansa, mu 'yan Kazaure muka tsaya wa Iliya. Tun ana dariya har aka kai ga baƙar magana. Ya ce mini maƙaryaci, ni kuma na ce masa bai iya karatu ba. Kwana uku ba mu yi wa juna magana ba, alhali tun muna aji ɗaya kwano ɗaya muke ci.

Da abin ya ishe ni, sai na kai ƙara wurin malamin lissafi, ina zaton zai ba ni gaskiya. Ya yi murmushi, ya ɗauki alli ya rubuta a allo cewa a 2009, a birnin Balin na Jamus, Usain Bolt ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58. Ya ce dokin sukuwa mafi gudu yakan kai kamar kilomita 70 a awa, shi ma na ɗan lokaci kaɗan. Ya ƙara da cewa a 2021 wani mutumin Jojiya, Lasha Talakhadze, ya ɗaga kilo 267 sama da kansa, wanda bai cika buhu uku na gero mai kilo 100 ba. Sa'an nan ya juyo ya ce, "To, kai ɗan nan, a wane shafi aka faɗi kilo nawa Iliya ke ɗagawa, ko kilomita nawa Kwalele ke yi a awa?" Na yi shiru. Ya ce waɗannan an auna su da agogo da sikeli, amma gwarzon littafi marubuci ne ke ba shi ƙarfi daidai da abokin gabar da ya tanadar masa. Ya tuna mini cewa ko a cikin littafin akwai Wargaji, wanda ya fi Iliya girma nesa ba kusa ba.

Na dawo jikina a sanyaye, amma ban sauko ba. Wanda ya sauko da ni wani yaro ne ɗan aji ɗaya, mutumin Gwiwa, wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa, yana dogara sanda. Duk gardamar nan yana kwance a gadonsa na ƙasa yana jinmu. Da asuba na tarar da shi a bakin famfo yana jan rabin bokiti, yana tafiya yana hutawa. Na ce ya kawo in ɗaukar masa. Ya ce, "A'a Yaya, na gode, zan iya." Muna tafe sai ya ce, "Yaya, ni fa farkon littafin na fi so, inda Iliya ya yi shekaru a zaune ba ya iya tafiya. Shi nake maimaitawa."

Wallahi kunya ta kama ni. Mako biyu ina ta kururuwa a kan Iliya, amma na manta cewa da gurguntaka ya fara, kuma da ya sami ƙarfi, tsaron birni da kāre marasa ƙarfi ya sa gaba. Ni kuwa abin da na yi da labarinsa shi ne zagin abokina.

A ranar, lokacin abincin rana, na ɗauki kwanona na je na zauna kusa da mutumin Babura. Bai ce kome ba, ya dai matsa mini. Har yau yana nan a kan Gandoki, ni kuma ina kan Iliya, amma mun bar zagi. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, mu yi ta gardama, don tana sa mutum ya koma ya duba littafi, sai dai kada mu bari mutanen takarda su raba mu da na zahiri. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.