Daga Tibiri zuwa Jiratawa: ruwan ƙarƙashin ƙasa yana son awo

Mai fita daga Maraɗi ya nufi Tibiri ba ya daɗewa a hanya. Tafiyar kilomita goma ce da ɗoriya. Gulbin Maraɗi yana hannun hagu. Da rani yashi ne kawai a cikinsa, amma akwai ruwa kwance a ƙarƙashi. Da wannan ruwa mutane da dabbobi ke rayuwa.

Tibiri garin Sarkin Gobir ne. A shekara ta 1985 aka fara ba garin ruwan famfo daga wata rijiyar foraj mai zurfi. Mutane suka yi murna. Ruwan fari ne tas, ba wari, ba ɗaci. Mata suka huta da guga.

Bayan 'yan shekaru sai haƙoran yara suka soma yin ja. Wasu ƙafafunsu suka karkace, tafiya ta gagare su. Aka yi ta neman magani, wasu suna cewa iskoki ne. Da aka kai ruwan gidan awo, sai aka ga wani sinadari mai suna fuliyor ya yi yawa a ciki. Ba mutum ne ya zuba shi ba. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda. Na Tibiri ya ninka haka fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara suka nakasa. A shekara ta 2001 labarin ya bazu a duniya, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ta tsaya wa iyayen. An nema wa garin wani ruwa, amma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe bai miƙe ba.

Ido ba ya ganin fuliyor. Tafasa ruwa ma ba ta fitar da shi. Shanu da awaki su ma yana cin haƙoransu da gaɓoɓinsu. Awon da ya tona shi bai kai kuɗin gina foraj ɗin ba, ko kusa. An dai yi jinkiri ne.

Kudu da Maraɗi, a cikin fadama, akwai Jiratawa. Nan ko'ina kore ne. Tun farkon shekarun 1980 hukumar ONAHA ta shirya filin noman rani. Injuna na jawo ruwa daga foraj, ana shuka zogale, albasa da masara. A fili irin wannan awo biyu ake bukata: zurfin ruwa, don gulbin ya rage kawo ruwa tun da aka gina madatsar Jibiya a Najeriya, da kuma tsabtarsa, don taki da maganin ƙwari suna iya bin ƙasa su sauka.

Can arewa, a Akuta kusa da Arlit, ma'adinin uraniyom na COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. Ya bar tulin dusar dutse mai guba, kimanin tan miliyan 20. Shirin gyaran wurin ya ce a rufe tulin da yumɓu da duwatsu. Ya kuma ce a riƙa ɗibar ruwa daga rijiyoyin awo na kewaye, shekara da shekaru, ana duba ko gubar ta kai gare shi.