Muryar Akwatin Katako

Hausawan Jazira da na bakin kogin Nilu Shuɗi sun daɗe a ƙasar Sudan. Kakannin waɗansu sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗansu kuwa alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya noman auduga sa'ad da aka gama madatsar Sinnar a 1925. Sun zo da kalangu da goge, suka tarar da kiɗan ƙasar, suka haɗa. Cikin Hausawan Sudan ne aka sami A'ishatu Falatiya, wadda ta yi suna a rediyon Omdurman. Jita mai lantarki daga baya ta yaɗu, ta hannun irin su Sharhabil Ahmad.

A wani ƙauye kusa da Wad Madani akwai wani dattijo da ya yi shekara talatin yana kaɗa jita a bukukuwan aure. Da ita ya ciyar da gidansa. Yana da akwatin lasifika na katako, mai baki ɗaya inci 12, bayansa a buɗe. A watan Disamba na 2023 yaƙi ya kai garin. Ya rataya jitarsa, ya bar akwatin, gama wanda ke ɗauke da jikoki ba ya ɗaukar katako.

Inda suka sauka, ɗansa ya samo masa wata 'yar na'ura da za ta shiga aljihun riga. Irinta ta bazu tun 1998, lokacin da kamfanin Line 6 ya fitar da wadda ake kira POD. Kwamfuta ce ƙarama, tana kwaikwayon muryar amfilifaya da ta akwati. Suka jona ta da lasifikar haya ta masu biki. Da dattijon ya taɓa tsirkiya sai ya janye hannu.

"Wannan ai zuma ce cikin gwangwani," in ji shi.

"Baba, ba a saita ta ba tukuna."

Yaron yana da gaskiya, uban ma haka. Lasifikar jita ba ta faɗin dukan abin da aka ba ta. Tsirkiya mafi kauri tana girgiza wajen sau 82 a daƙiƙa, kuma daga wajen 5,000 zuwa sama lasifikar sai ta yi shiru. Wannan kasawa ita ce daɗinta. Ta masu biki kuwa an yi ta domin ta fitar da kome, har da ƙarar da akwati ya saba haɗiyewa. Saboda haka yaron ya datse abin da ya haura 5,000, ya datse na ƙasa da 80. Zumar ta tafi.

Amma dattijon bai gamsu ba, a nan ne kuma wuyar take. Abin da na'urar ta adana shi ne abin da makirfo ya ji sa'ad da aka kanga shi dab da bakin lasifika. Wane makaɗi ne ya taɓa sa kunnensa a wurin? Shi dai yakan tsaya taku uku gaba, akwatin yana ƙasa, sautin yana fita ta gaba da ta baya, ya bugi bangon laka, ya komo masa. Abin da ya ɗauka muryar akwati ce, ashe rabinta ta ɗaki ce. Sai yaron ya kawar da makirfon da ke cikin na'urar daga tsakiyar lasifika zuwa gefe, inda murya ta fi taushi, ya ja shi baya kaɗan. Ya sauke lasifikar daga kan sanda, ya ajiye ta ƙasa kusa da bango, a bayan uban.

Sun ɓata kwana biyu a banza, domin da dare suke saiti, a hankali, kada su tashi maƙwabta. Kunnen mutum ba ya jin kauri da tsini sosai in sauti ya yi ƙasa, masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, sun auna wannan tun 1933. Abin da ya yi daɗi da dare, in aka ƙure shi a fili sai ya yi tsawa. Masu kula da lasifika a majami'a sun san wannan, ko ba su san sunansa ba. Daga nan suka koma yi da hantsi, da ƙarfin da za a kaɗa a biki.

Rana ta biyar dattijon ya kaɗa waƙa guda har ƙarshe bai tsaya ba.

"Ya yi, Baba?"

"Ya kusa. Wancan yakan kaɗa mini ƙafar wando."

Wannan kam ba maɓallin da zai kawo shi. Yaron ya rubuta lambobin a takarda, ya sa a jakar jitar. A makon nan suka karɓi bikinsu na fari, aka biya su da kuɗi kaɗan da mudu shida na dawa. A Janairun 2025 sojoji suka sake karɓar Wad Madani, wani maƙwabci ya je ya duba gidan, ya aiko cewa ɗakin yana nan, amma ba kome a ciki.