Warin ɗakin karatun Malam

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Mu da muka tashi a gidan liman a Maraɗi, akwai wani wari da za mu gane ko da an rufe mana ido: warin ɗakin da mahaifinmu yake ajiye littattafansa. Haɗin tsohuwar takarda ne da fatar gafaka, da wani abu mai kama da ƙasar da ta kwana cikin ruwa. Muna yara mun zaci haka ilimi yake ƙamshi. Idan Malam ya aike mu ɗauko littafi, sai mu hure ƙurar bangonsa da baki, mu share da hannun riga, mu miƙa cikin ladabi.

Masu karatu ba su manta da daminar 2024 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 300 a ƙasarmu, ta kuma rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram a watan Satumba. Gidanmu bai faɗi ba, alhamdu lillahi, amma ruwa ya yi kwanaki kwance a gindin bangon ɗakin nan. Da kaka ta yi, sai tari ya kama Malam. A sallar asuba muka fara tsorata: mutumin da ya saba jan doguwar sura ya koma tsayawa a tsakiyar aya yana neman numfashi. Mamu suka ce girma ne. Inna ta haɗa zuma da citta, bai saki ba. A asibiti aka auna majinarsa, ba a sami tarin fuka ba. Sai likitan ya ce, “Liman, a ina kuke wuni?” Da ya ji amsa, ya waiwayo gare mu ya ce mu je mu janye akwatunan daga jikin bango mu duba.

Abin da muka tarar ya ba mu kunya. Bangon ya yi baƙi har zuwa gwiwa, gafakoki sun yi gashi fari da kore, ƙarƙashin tabarmar da Malam ke zama ya yi dabbare-dabbare. Hunhuna ce, irin wadda ke fitowa a kwantan tuwo. Halitta ce mai rai, tana cin takarda da fata da katako, kuma kwana 1 zuwa 2 ya ishe ta kama abin da ya jiƙe bai bushe ba. Tana watsa iri cikin iska wanda ido ba ya gani, ya bi numfashi har cikin huhu. Lafiyayye yakan shaƙa ya wuce, amma mai asma da jariri da tsoho sukan sha wuya. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da hunhuna cikin gidaje, a 2022 kuma ta jera ire-ire 19 masu cutar da ɗan Adam, ta sa Aspergillus fumigatus cikin 4 mafi haɗari. Wannan takan zauna a kogon da tarin fuka ya bari a huhun wanda ya warke, har a zaci tsohon ciwon ne ya dawo.

Abin da ya fi damun mu shi ne karatu biyu muka yi, babu wanda ya kai mu bayan akwatin nan. A madarasa mun san hukuncin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya sauya, amma ba mu taɓa jin an lissafa hunhuna cikin najasa ba, don haka ɗakin mai tsarki ne a wurinmu, magana ta ƙare. A lakkwal kuwa mun haddace darasinta don jarrabawa, muka bar shi a takarda. Har da hannunmu muka taimake ta: mu muka shafe bangon ƙasa da siminti, ya riƙe danshi a ciki, mu muka toshe taga da kwali saboda ƙura, in wari ya tashi Inna ta sa turaren wuta, mu ce ɗaki ya gyaru. (Da muka koma wurin aiki muka shiga ɗakin ajiyar takardu, warin nan muka ji, ga silin ya yi taswira inda kwano ke yoyo.)

Mun fitar da Malam tukuna, sannan muka ɗaura takunkumi muka kwashe littattafan zuwa tsakar gida. Ba mu kakkaɓe ba, ba mu hura ba. Muka baza su a inda iska ke ratsawa, sai da suka bushe muka share kowanne da tattausan ƙyalle. Tabarma da kwalaye muka zubar, bango muka wanke da sabulu, muka buɗe taga, muka ɗora akwatuna bisa katako nesa da bango. Wasu ganyayyaki da kakanmu ya rubuta da hannunsa sun manne, tawadar ta narke. Malam ya daɗe yana juya su bai ce komai ba, sannan ya ce, “Ku naɗe su daban, kada ku yar.”

Yanzu a rumfar ƙofar gida yake ba da karatu, da maganin shaƙa a aljihu, kuma dogayen surori sun dawo a asuba. Simintin gindin bangon har yau yana nan. Mun yi da magini zai fasa shi kafin ruwa ya sauka.