Baƙin da ƙanƙara ta koro mana Dagona

Na daɗe ina koya wa yara a Potiskum cewa akwai ƙasashen da tafki ke daskarewa har mota ta bi ta kansa. Sukan rubuta, su ci jarrabawa, amma ina gani a idonsu ba su yarda ba. Ban ga laifinsu ba, ni kaina ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin zoɓo. Da hunturun bara ya kankama sai na ce tunda Rasha ta fi ƙarfin aljihuna, bari in je in ga waɗanda ƙanƙarar ke korowa.

Bayan sallar asuba na shiga motar Gashuwa. Muka bi ta Jakusko, hazo ya rufe gaba, kowa ya dunƙule cikin bargo. Daga Gashuwa na kama hanyar Nguru, na sauka a mararraba, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Dagona, wadda ke cikin gandun Chad Basin na tarayya. Mijin sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Yarima Philip, ya taɓa zuwa nan a 1989 takanas don kallon tsuntsaye. Ni da ke jiha ɗaya da wurin sai da furfura ta fara fito mini.

Wani dattijon masunci ne ya ɗauke ni a kwalekwalensa. Na gida ya fara nuna mini: kirinjijiya, ɗinya, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Can sai wani garken ƙananan agwagi ya tashi fir, ya yi duhu a sama.

"Waɗannan baƙi ne, Malam," in ji shi. "Da sanyi suke zuwa, kafin bazara ta yi zafi sun ɓace."

Na ce, "Baba, daga Turai da yammacin Saberiya suke. Ruwansu ne ke daskarewa, abinci ya gagara, su ƙetaro teku da Sahara."

Ya dakata da tuƙi. "Ruwan duka? To kifin fa?"

Shekarun da na yi a aji ba ɗalibin da ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na ce masa ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, shi ya sa take tasowa sama ko a kofi. Saman tafkin ne ke sandarewa ya zama murfi, ƙasa kuwa ruwa ne, kifi na harkarsa. Na ba shi labarin Baikal, tafkin da ya fi kowane zurfi a duniya, mita 1,642, wanda ƙanƙararsa kan kai mita guda kauri daga Janairu har wajen Mayu. A 1904, lokacin yaƙin Rasha da Japan, har layin dogo aka shimfiɗa a kai, dawaki suna jan taragu. Masunta kuwa rami suke fasawa su zura ƙugiya.

Ya yi shiru, sannan ya nuna gefen ruwa da sandar tuƙinsa. "Tasu ai tana narkewa. Dubi tamu."

Ciyawar kachala ce, ta fi mutum tsawo, ta cunkushe iya ganin ido. Ya ce inda suke jefa birgi da ƙuruciya yanzu kwalekwale ba ya ratsawa, kuma cikinta tsuntsun jan-baki ke kwana ya wayi gari a gonar shinkafa. Sauran bayanin na san shi daga littafi. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke ciyar da wannan fadama kafin su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, da na Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu, wasu magudanan kuma suka daina bushewa da rani, abin da kachala ke so ke nan. Shi kansa Tafkin Chadi, mai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, farin shekarun 1970 da 1980 ya zaftare mafi yawansa.

Na sayi bandar tarwaɗa a Gashuwa, na iso Potiskum bayan isha'i. Mai son ganin baƙin nan ya je tsakanin Disamba da Fabrairu, ya yi sammako, kuma kada ya bar bargonsa a gida.